Rawanin Ƙasimu Mai Faci

Duk direban da tayarsa ta taɓa sacewa a hanyar da ta fita daga Gumel ta nufi Maigatari ya san Ƙasimu, ko da bai san sunansa ba. Yawancinsu ma ba su sani ba. "Kai, mai faci," shi ne sunan da suka raɗa masa, shi kuma yana amsawa don ba yadda zai yi. Wurinsa na ƙarƙashin wata darbejiya: injin iska mai tari kamar tsohon mashayin taba, rabin duro na baƙin ruwa da ake tsoma tiyub a nemi huji, da benci guda da aka tokare ƙafarsa da bulo. Dogo ne siriri, tafin hannunsa kuwa sabulu ya daɗe da sallamawa.

A wani ƙauye na ƙasar Gagarawa aka haife shi, gidan manoman gero da riɗi. Noma bai karɓe shi ba, ko kuma shi ne bai karɓi noma ba, ya danganta da wanda ka tambaya. Ya yi acaɓa a Sule Tankarkar har mai babur ya gaji ya karɓe abinsa. Ya yi dako a kasuwar Maigatari ranakun Alhamis, har ranar da wani bijimi ya ɗaga shi sama ya ajiye shi a cikin masu sayar da igiya. Daga nan ya koyi faci ya zauna. Abu ɗaya na kirki da ya tsinta a duk yawon nan shi ne Safinatu, 'yar Malam Manu, tsohon malamin dabbobi na Sule Tankarkar. Har yau mutanen garin ba su gama mamakin yadda aka yi aka ba shi ita ba.

A tsawon rayuwarsa Ƙasimu bai taɓa shugabantar komai ba. Ko monita bai yi ba a firamare. In liman ya makara aka waiga neman wanda zai ja salla, idanu tsallake shi suke yi, duk da ya fi kowa tsawo a sahun. Abin yana ci masa rai ƙwarai, bai dai taɓa faɗa wa kowa ba.

Sai Ganuwa ta zo gari.

Wasa ne na waya, mai wani dogon sunan Turanci da ba wanda ya iya faɗa daidai, shi ya sa a Gumel Ganuwa kawai ake ce masa. Da mutane na gaske ake yi, daga ko'ina a duniya. Kowa zai zaɓi gwarzonsa, ko mai takobi, ko maharbi, ko mai magani. Sai a haɗu a kafa runduna, a gina gari, a kewaye shi da ganuwa, a yi ta kashe dodanni ana tara kaya. Ƙarshen kowane wata wata rundunar za ta kawo muku hari, in ta fasa ƙofar garinku ta kwashe duk abin da kuka tara. Kowane gwarzo yana da jan layi a saman kansa, shi ne jininsa. In ya fara ƙarewa, mai magani zai ɗan riƙe shi, amma abin da ke mayar da shi sosai shi ne abinci. Sai gwarzo ya zaro cinyar nama ya yage ta a tsaye, da ƙarar tauna, cakam-cakam, duk wanda ke kusa yana ji.

Samarin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar suka kafa tasu rundunar, suka sa mata Zaratan Lautai, da yake Lautai ake yi wa ƙasar Gumel kirari da shi, suka buɗe guruf a waya don shawara. Da yake kuma mutanenmu ne, kafin su kashe dodo ko ɗaya sai da suka raba sarauta. Aka yi Waziri, aka yi Madaki, aka yi Ma'aji, har da wani Sarkin Ruwa a garin da ko rijiya babu. Wazirin shi ne Hamma, direban babbar mota daga tsallaken iyaka, mutumin Damagaram. Shi ke riƙe da guruf, shi ke yanke hukunci, kuma ba ya fara magana sai ya ce "bon", wato "to" ɗinsu na Faransanci. Shawarar yaƙi kuwa ita ce mafi ƙarancin abin da ake yi a guruf ɗin. An taɓa cinye sati ana musu kan ko cinyar da gwarzo ke ci an yanka ta ko mushe ce. An yi wani musun kan ko ya dace magidanci ya sa wa gwarzonsa wando iya gwiwa, har mutum biyu suka daina gaisawa a zahiri.

A nan ne Allah ya tono baiwar Ƙasimu. Mai faci ba abin da ya fi shi yawa kamar zaman jira, ga manyan yatsun da suka saba ɓamɓare taya daga rim. Ya zaɓi mai takobi, ya sa masa suna Gagarabadau. Kafin damina ta fita, in Gagarabadau ya tsaya a ƙofar gari ko ƙuda ba ya wucewa. Aka taru aka naɗa shi Sarkin Yaƙi. Wani mai iya haɗa hoto ya ɗauko hoton Ƙasimu na katin zaɓe ya ɗora masa farin rawani, aka sa a guruf. Ranar Ƙasimu ya koma bayan darbejiya ya daɗe yana kallon hoton, har idonsa ya kawo ruwa.

Tun daga nan, kowace safiya in ya buɗe waya sai ya tarar da gaisuwa jere: "Ranka ya daɗe, Sarkin Yaƙi." Yakan karanta kowace ɗaya a nutse, mai adaidaita sahu na tsaye a kansa da taya a hannu yana cewa, "Kai, mai faci, ka ji ni kuwa?" Ƙasimu ya ɗago ya dube shi da tausayi. Bawan Allah, bai san da wa yake magana ba.

Amma rawanin yana da sharaɗi: duk Sarkin Yaƙin da aka fasa ƙofa a hannunsa, a ranar za a tuɓe shi. Wanda ya kawo dokar shi ne Madaki, wato Zaharaddini, mai shagon cajin waya a Maigatari, mutumin da wayarsa ba ta taɓa mutuwa ba, gorinsa ma haka. Shi ya fi kowa zuba wa Ƙasimu kirari da safe, shi ya fi kowa ƙirga kwanakin wata. Kowa ya san abin da yake jira, har Ƙasimun.

Sarauta ta buɗe wa Ƙasimu baki. Mutumin da direba zai zage shi ya ce "yi haƙuri, oga," shi ne ya koma aika saƙon murya kamar mai wa'azin kasuwa, yana faɗa, yana gori, yana koya wa malaman makaranta da ma'aikatan sakatariya yadda ake riƙe takobi. Wanda ya fi shan bakinsa kuwa shi ne Mai Allura.

Mai Allura shi kaɗai ne mai magani a rundunar, don kowa takobi yake so, ba mai son yawo da jakar magani a bayan wani. Ba wanda ya san ko wane ne. Gwarzonsa na sanye da koriyar riga, ba ya aika murya, rubutu kawai yake yi, shi ma a hankali, da cikakkiyar gaisuwa. Ana tsakiyar yaƙi, dodo na aman wuta, sai ka ga saƙonsa ya shigo: "Assalamu alaikum. Da fatan an wuni lafiya. Ya iyali? Akwai dodo a bayanku." Kafin a kai ga dodon a cikin saƙon, dodon ya riga ya kai ga jama'a.

"Mai Allura," in ji Ƙasimu a saƙon murya, "da yatsa kake wasan nan ko da gwiwar hannu?" Wata rana ya ce kunkuru ya fi shi hanzari. Wata rana ya ce, "Na faɗa maka, kar ka kuskura ka bar gefena. In na shiga rami ka shiga. In na hau bishiya ka hau." Ranar da abin ya fi yi masa zafi kuwa cewa ya yi, "Allah ya ji ƙan wanda ya haɗa zuri'a da kai." Guruf ya ɗauki dariya. Amsar Mai Allura kullum ɗaya ce: "To, Sarkin Yaƙi. Za a gyara."

Gaskiyar da Ƙasimu ba ya faɗa a bainar jama'a ita ce, duk rundunar ba wanda ya kai Mai Allura amana. In yaƙi ya ɓaci kowa ya ranta a na kare, koriyar rigar nan tana nan a gefensa. In an tashi kuma sukan koma gefe su biyu su yi hira a rubuce, kan ruwan sama, kan tsadar dusa. Da tunkiyar Ƙasimu ta kamu da tari, Mai Allura ne ya faɗa masa maganin da zai saya da yadda zai ɗura mata, ta kuwa warke. Sannu a hankali Ƙasimu ya fara zazzage masa cikinsa: yadda direbobi ke raina shi, yadda ba inda ake ce masa ranka ya daɗe sai a nan. Har ƙarar surukinsa ya kai. "Wani tsoho ne mai ɗaure fuska," ya rubuta, "tunda na auri 'yarsa ban taɓa ganin haƙorinsa ba." Aka daɗe kafin amsa ta zo: "Wataƙila shi ma kunyarka yake ji."

A satin da za a yi yaƙin ƙarshen wata, matar Usaini, ƙanen Safinatu, ta haihu, aka sa suna ranar Laraba a Sule Tankarkar. Ƙasimu ya sa shaddarsa ta Salla, ya ɗauki iyali suka tafi.

To, a wajen kunyar suruki kam ba a taɓa samun Ƙasimu da aibu ba, wannan ko maƙiyinsa zai shaida. Tunda ya yi aure sunan Manu bai sake fita daga bakinsa ba, ko wani Manun daban ya gani "mai sunan Baba" yake ce masa. Bai taɓa kallon tsohon ido cikin ido ba. Ci a gabansa kuwa, ko ruwa bai taɓa kurɓa ba. In ya je gidan, zaure ake kai masa kwano a ja ƙofa.

Ya tarar da Malam Manu zaune a tabarma a ƙofar gida. Tun daga nesa ya tuɓe takalmi, ya zo ya durƙusa a gefen tabarmar, ya kafe idonsa a ƙasa yadda tarbiyya ta ce.

"Barka da hutawa, Baba. An samu ƙaruwa. Allah ya raya."

"Amin, Malam Ƙasimu. Kun zo lafiya? Ya hanya?"

Da ya kasance marar kunya ne mai kallon fuskar manya, da ya tsira. Amma idonsa na ƙasa, a ƙasan kuma, tsakanin buta da carbi, akwai waya. Sai ta busa ƙaho, irin ƙahon da Ganuwa ke busawa in dodo ya matso gari. Fuskar wayar ta kawo haske. Ga koriyar riga, ga jakar magani, ga suna a sama ɓaro-ɓaro: Mai Allura.

Malam Manu ya miƙa hannu a nutse ya kife wayar.

"Ya aiki?" in ji shi.

"Da godiya, Baba," in ji Ƙasimu, da wata murya da shi kansa bai san ta ba. Kunkuru ya faɗo masa a rai, gwiwar hannu ta faɗo, sannan addu'ar nan ta wanda ya haɗa zuri'a. Ashe kansa ya yi wa addu'a, jama'a na cewa amin. Kuma duk da murya ya aika su, muryar da tsohon nan ya sani tun zamanin da yake zuwa zance ƙofar gidan.

Sai da suka koma gida ya faɗa wa Safinatu, yana tsammanin za ta tausaya masa. Ta dube shi, ta zauna a kan turmi, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Baban Larai, me da me ka ce masa?"

"Ba abin dariya ba ne."

"Wayar ai ta hannu ce, a Maigatari ya saya bayan rasuwar Inna. Ya ce akwai wani wasa a ciki da ke ɗebe masa kewa, mu mun ɗauka ludo ne." Ta share hawaye da bakin zani. "To ka bar wasan mana. Ka huta, mu ma mu huta."

Ƙasimu ya dube ta kamar ta ce ya bar numfashi. Ya bar wasa, jibi yaƙi? Ya miƙa wa Zaharaddini rawani a faranti? Ba zai bari ba. Ba kuma zai iya cewa surukinsa ya bari ba. Ba zai iya faɗa wa guruf ba, don sai sun yi shekara suna yi da shi. Ya zauna ya bi tsofaffin saƙonnin muryarsa yana gogewa, sai wayar ta nuna masa cewa daga wajensa kawai suke goguwa.

Washegari ya gwada dabara. Ya nemi Zaharaddini a gefe ya ce ko za a samu wani ya koma mai magani, a bar dattijon nan ya huta a cikin gari.

"Wane dattijo, ranka ya daɗe?" in ji Zaharaddini. "Ka san shi ne?"

"A'a. Rubutunsa ne na dattawa."

"Ai Mai Allura naka ne, Sarkin Yaƙi. Kai ka hore shi da bakinka. Wa zai raba ku?"

Da yamma jama'a suka ga abin da ba su taɓa gani ba. Sarkin Yaƙi ya rubuta a guruf: "Barka da yamma ga mai koriyar riga, Allah ya ƙara girma." Sunan ma ya kasa rubutawa. Ya san ba sunan yanka ba ne, amma zuciyarsa ta ce suna suna ne. Wasu suka ce an sace wayar Sarkin Yaƙi, wasu suka ce zazzaɓi ne. Zaharaddini kuwa ya dai ƙara wa wayoyinsa caji.

Ranar Juma'a bayan la'asar Ƙasimu ya kashe injin iska, ya kori wani mai babur da ya turo taya tun daga nesa, ya zauna a benci ya gyara zama. Maharan wata runduna ce daga can gabas mai nisa, masu rubutu kamar sawun kaji. Gagarabadau ya tsaya a ƙofar gari. Koriyar riga ta zo ta tsaya a gefensa. Kafin Ƙasimu ya ankara, yatsansa ya danna maɓallin durƙuso da kansa. Sarkin Yaƙin Lautai ya zube a ƙasa gaban mai magani, abokan gaba na tahowa.

Ya miƙe, aka gwabza. A ba shi haƙƙinsa, ya yi faɗa na gani na faɗa. Ya sare na farko, ya sare na biyu, ya tura wasu cikin rami. Amma jan layi ya fara sauka. A da ihu zai yi, "Mai Allura, magani, kana barci ne?" Yau sai ya tsaya yana rubutu: "In ba damuwa, in an samu sarari, a ɗan taimaka." Kafin ya gama ladabinsa an zabga masa gatari biyu. Mai Allura ya zuba magani iya ƙoƙarinsa, layin ya ɗan tsaya, ya ci gaba da sauka.

Saura ci. Yatsan Ƙasimu ya je kan cinyar nama ya tsaya cak. Ya ji ƙarar taunar nan a kunnensa tun kafin ya danna, cakam-cakam, ga Baba tsaye dab da shi. Ya juya wa tsohon baya, ya ga ai bayan ba ya toshe kunne. Zuciya ta ce danna, ai zane ne. Wata zuciyar ta ce zanen wa? Sai ya yanke shawarar da a ganinsa ta haɗa ladabi da dabara: zai zagaya bayan ganuwa da gudu, ya ci a ɓoye, ya dawo.

Gagarabadau ya bar ƙofa ya sheƙa. Mai Allura kuwa, da aka shafe watanni ana ce masa in an shiga rami ya shiga, sai ya rufa masa baya. Ƙasimu ya sha kwana, koriyar riga ta sha kwana. Ya shige bayan rumbu, ya waiga, ga ta nan. Ya haura tsani, tsoho ya hauro, kuma yau ɗin da Allah ya tashi tona masa asiri, ko kaɗan bai yi nawa ba. Rundunar Lautai gaba ɗaya na kallo, Sarkin Yaƙinsu na tsere da mai maganinsa a lungunan gari, ƙofa a buɗe. Maharan ma sai da suka ɗan dakata, sannan suka shigo kamar masu zuwa biki. Wata kibiya ta samu Gagarabadau a saman tsani, da cinyarsa a jaka ko gutsura bai yi ba. Yana faɗuwa saƙon Mai Allura ya shigo: "Assalamu alaikum. Ka ci abinci, Sarkin Yaƙi."

Kafin magariba an kwashe garin tas, guruf kuma ya kama da wuta. Zaharaddini ya ajiye kirari gefe ya ce a fito a faɗi gaskiya, sayar da su aka yi, don ba mahaukacin da zai bar ƙofa da nama a jakarsa. Maganar ta fara karɓuwa. Ƙasimu ya ga saura zaɓi biyu, a kira shi maci amana ko a yi masa dariya. Ya daɗe yana kallon waya, sannan ya rubuta: "Surukina ne."

Can Hamma ya rubuta, "Bon," bai ƙara komai ba.

Sai musu ya ɓarke, irin wanda Zaratan Lautai suka fi ƙwarewa a kai fiye da yaƙi. Zaharaddini ya ce kunya ba ta shiga waya. Wani malamin makaranta a Gagarawa ya ce suruki suruki ne ko a cikin rediyo, shi da ya ga yadda Sarkin Yaƙi ya durƙusa ma sai da ya ji tsigar jikinsa ta tashi. Wani ya ce al'ada ce ba addini ba. Wani ya ce ai Gagarabadau ba shi ya auri 'yar ba, Ƙasimu ne, saboda haka Gagarabadau na da ikon cin namansa. Aka ce to wa ke danna masa? Wani ya kawo shawarar a rubuta wa masu wasan su ƙara maɓallin rufe baki. Ana cikin haka tsoro ya shiga jama'a, kowa ya fara tambayar na kusa da shi, "Don Allah kai ɗan wane gida ne?" Mutum uku suka fice daga guruf ba sallama.

Nana Firdausi, ma'aikaciyar jinya, wadda ta fi kowa iya harbi a rundunar amma ba a taɓa ba ta sarauta ba, ita ce ta kashe bakin kowa. Ta tono tsohon saƙon nan na haɗa zuri'a ta sake turowa, ta rubuta a ƙasa: "Kunyar ci ta kama ka, ta zagi ba ta kama ka ba?"

"Ai lokacin ban sani ba," in ji Ƙasimu.

"To da uban wani ne fa?"

Ƙasimu na neman amsa sai ga saƙon murya daga Mai Allura, na farko tunda ya shiga guruf. Murya ce ta dattijo, a hankali, ana jin kukan awaki a bayanta. Ya yi sallama, ya gaishe da kowa, ya tambayi iyali, wannan karon ba wanda ya yi dariya.

"Ni ne surukin nasa," in ji Malam Manu. "Tun ranar farko na gane muryarsa. Laifina ne da ban fita ba. Amma shekara da shekaru yana auren 'yata, ban da gaisuwa ba mu taɓa yin magana ba. A nan ne na san yana da ban dariya, na san abin da ke damunsa. Faɗan da yake min bai taɓa yi min zafi ba. Gidan nan shiru ya yi yawa tunda mai ɗakina ta rasu, in ya yi faɗan sai in ji kamar akwai mutane. Ni dai na ɗauka na yi aboki. Ina roƙon Waziri a bar masa rawaninsa, ya fi kowa buƙatarsa. Ni zan fita, don ya riƙa cin abincinsa a sake. Allah ya ba ku nasara."

Ƙasan saƙon, waya ta nuna Mai Allura ya fita.

Wasu suka turo hoton fuska mai hawaye, wanda ba ya cin kowa komai. Sannan Hamma ya rubuta: "Bon. Magana ta yi daɗi. Amma doka doka ce." Kafin a kira isha'i mai haɗa hoto ya cire rawanin daga kan Ƙasimu ya ɗora wa Zaharaddini, ko girmansa bai gyara ba, har ya rufe masa ido ɗaya.

Ƙasimu bai bar wasan ba. Yana nan soja a cikin sojoji, yana cin cinyarsa duk lokacin da ya ga dama, ba mai kallo. Rundunar ba ta sake samun mai magani ba, don har yanzu kowa takobi yake so. In jininsa ya sauka yakan waiga gefen dama, inda koriyar riga ta saba tsayawa. Da safe in ya buɗe waya, gaisuwar na nan jere kamar da, sunan ne kawai ya canza.

Da kaka ta yi, Safinatu ta matsa masa suka je Sule Tankarkar gaisuwa. Tun a hanya yake shirya magana: zai nemi gafara, zai ce tunkiyar nan ta haifi biyu, zai ce a dawo, ko ba rawani. Ya tuɓe takalmi daga nesa, ya durƙusa a gefen tabarma, ya sa ido a ƙasa. Ga buta, ga carbi, ga wata tsohuwar rediyo. Waya babu.

"Barka da hutawa, Baba."

"Barka kadai, Malam Ƙasimu. Ya hanya?"

"Lafiya lau, Baba."

"Ya aiki?"

"Da godiya."

Maganar da ya shirya kuwa, kunya ta hana shi faɗa. Tsohon ya ja carbi, shi ma kamar akwai abin da yake son faɗa, sai ya gyara murya ya tambayi lafiyar yara. Kowa ya ci gaba da kallon gefensa na tabarmar. Can aka leƙo daga cikin gida aka ce an kai wa baƙo abinci zaure. Ƙasimu ya tashi ya shiga, aka ja masa ƙofa don ya ci a sake. Tuwon gero ne da miyar kuka, har da cinyar kaza a sama, wadda aka ce Baba ne da kansa ya sa a ajiye masa. Ya zauna shi kaɗai yana kallon kwanon har tuwon ya huce.